Katangar da ta faɗi

Lokacin da na fara aiki a lambun nan da ke gangaren tudu yana fuskantar teku, furanni kawai idona ke gani. An yanka gangaren hawa-hawa, kowane hawa da katangar dutse mai riƙe da ƙasarsa, ni kuwa na ɗauka ado ce. Dattijon da na tarar a wurin yakan sa ni yashe magudanan ruwa duk mako, ina yi ina ƙunƙuni.

A shekarata ta biyu na gane kurena. Akwai wata katanga da aka taɓa liƙe tsakanin duwatsunta da siminti don ta yi kyan gani, aka bar mata 'yan ramukan fitar ruwa. Busassun ganye suka toshe su, ni ne kuma na yi sakacin dubawa. Aka kwana uku ana tafka ruwa. Da asuba muka tarar katangar ta yi ciki ta fashe, laka ta binne dashen lemon da ke hawan ƙasa. Dattijon bai yi mini faɗa ba, ya dai ce, "Yaro, akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe, in ka cika shi da ruwa, kilo 1,000 ke nan. In ba ka ba ruwa hanya ba, zai yi wa kansa."

Muka sake ta ba siminti, dutse bisa dutse, ta ɗan jingina da tudun, muka zuba tsakuwa a bayanta. A kafaɗa muka hau da kayan, don baro ba ya hawa matakala. Har yau ina ganin irin wannan ginin ya fi, domin ruwa na tsiyaya ta ko'ina a jikinsa.

Iskar teku ma ta yi mini karatu. Gishirin da take ɗaukowa yana ƙona ganye ta gefen da ke kallon ruwa, ganyen ayaba kuwa yaga shi take yi ya koma kamar tsumma. Na so mu yi doguwar katanga mu tare ta, ashe iska tsallake katanga take yi ta faɗo da ƙarfi a bayanta. Shingen itatuwa masu jure gishiri shi ke rage mata gudu, tana ratsa shi a hankali.

Sannu a hankali na lura kowane hawa da halinsa. Na sama ya fi saurin bushewa, can alobera ke jin daɗi, don saiwarta ruɓewa take yi a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sanyin dare yana gangarowa ya taru a na ƙasa, dutsen da ya sha rana kuma yana riƙe ɗumi har bayan magariba, shi ya sa nake dasa masu tsoron sanyi a gindinsa.

Yanzu da na ga hadari ya haɗo daga teku, sai in ɗauki sanda in bi katangun ɗaya bayan ɗaya ina zungure ramukan.