Abin da tagar ba da magani ta koya mini game da ƙwayoyin hana barci

Aikin ba da magani a asibiti ya nuna mini wani abu game da mu Kanawa: mun fi tsoron ƙwayar da likita ya rubuta da awo a kan wadda ake jefa mana a shayi a bakin tasha, ba mu san ko mece ce ba.

Magungunan da ke zaburar da ƙwaƙwalwa suna da amfanin da mutane da yawa ba su zata ba. A ɗakin bakwaini na fara ganin haka. Jaririn da aka haifa kwanakinsa ba su cika ba yakan ɗauke numfashi na ɗan lokaci, saboda sashen ƙwaƙwalwar da ke kula da numfashi bai gama ƙwari ba. Maganinsa kafeyin ne, wato sinadarin da ke cikin goro da kofi. Akan fara da miligiram 20 na nau'insa da ake kira kafeyin sitiret ga kowane kilo na nauyin jaririn, daga nan a koma 5 zuwa 10 ga kowane kilo kullum. Inda babu shi, sai a nemi ɗan'uwansa aminofilin. Jaririn da bai fi tafin hannu biyu ba, ana auna masa da sirinji ɗigo-ɗigo, nas tana tsaye tana ƙirga bugun zuciyarsa.

Sai yaran da ke da lalurar rashin natsuwa, waɗanda a gida ake ce musu ƙiriniya ce, a makaranta a ce daƙiƙai ne, wasu ma har a kai su ruƙiyya. Idan likitan ƙwaƙwalwa ya tabbatar da lalurar, yakan rubuta Ritalin. Tun 1937 wani likita a Amurka, Charles Bradley, ya lura cewa amfetamin, wani magani mai zaburar da ƙwaƙwalwa kamar Ritalin, yana sa irin waɗannan yara su zauna su yi karatu. Irin wannan magani yana ƙara dofamin da noradirenalin, wato sinadaran aika saƙo a ƙwaƙwalwa, sai yaro ya iya riƙe hankalinsa wuri ɗaya. A nan iyaye ke ja da baya. Wata uwa ta juya kwalin a hannunta ta ce, "Malam, ba ƙwaya za a koya masa ba kuwa?" Na ce, "Hajiya, tambayarki tana kan hanya, shi ya sa ba a bayar da shi sai da takardar likita. Ki ba shi da safe bayan ya karya kumallo, domin yana kashe cin abinci, in kuma aka ba shi da yamma ba zai yi barci ba." Ana bin nauyin yaron da tsayinsa da hawan jininsa, kuma kafin a fara sai an tambaya ko akwai ciwon zuciya a dangi. Masu ciwon barcin da ke kama mutum ba shiri kuwa modafinil ake ba su, kuma wajibi ne a gaya wa mace cewa yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa.

A waje babu ko ɗaya daga cikin wannan takatsantsan. Direban babbar mota da zai kwana a hanyar Legas, ɗan dako a Singa ko Dawanau, ɗan adaidaita sahu mai neman cika balas, ɗalibin da jarrabawa ta ƙure wa lokaci, kowa yana da abin da yake sha. Wani gadagi, wani lemon ƙara kuzari gwangwani bayan gwangwani, wani ya haɗa da tiramol, wanda shi ba ma ajinsu ɗaya ba, dangin kodin ne. Ƙarfin da suke ji bashi ne, jiki kuma ba ya yafe bashi. Ido a buɗe yake, amma lissafi ya tafi, shi ya sa direba zai rantse bai yi gyangyaɗi ba alhali motar tana cikin rami. Wanda ya kai ga ais kuwa, wato metamfetamin, sai rama, da kwana da kwanaki babu barci, da zargin ana bin sa za a kashe shi. Irinsu ne 'yan'uwa ke kaiwa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a ɗaure.

Abin da ya fi yawa dai ƙanana ne, masu shigowa ta bayan fage. Panadol Extra ƙwaya ɗaya tana ɗauke da kafeyin miligiram 65. Wasu magungunan mura suna da sudo'efedirin, mai matse jijiyoyin jini har jini ya iya hawa. Babba mai lafiya bai kamata ya wuce miligiram 400 na kafeyin a yini ba, mai ciki kuwa 200, amma wa ke lissafi?

Wani dattijo ya zo karɓar maganin hawan jini, an riga an ƙara masa awo, jinin ya ƙi sauka. Na ce, "Baba, ban da wannan me kake sha?" Ya ce babu komai, alhali ga jan goro a haƙoransa. Da na matsa, sai ya zaro sacet ɗin maganin mura daga aljihun gaba, ya ce tun shigowar hunturu yake sha safe da dare. Na rubuta sunan maganin a bayan katinsa, na roƙe shi ya koma wurin likita kafin ya tafi gida.