Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Abin da Na Koya Daga Alex Haley

A makon jiya na tsaya ne a daidai lokacin da na kafa ɗan teburina a bakin gidan waya na Funtuwa, ina rubuta wa mutane wasiƙa, bayan na gama makarantar horon malamai aiki bai samu ba. A cikin wannan zama ne wani tsohon malaminmu na Turanci, wanda yakan zo duba akwatin wasiƙunsa, ya lura ina jin kunyar sana'ar, sai ya ara mini littattafai biyu na Alex Haley, marubucin nan baƙar fata ɗan Amurka, ya kuma ba ni labarin yadda mutumin ya fara.

An haifi Haley a 1921, ya yi ƙuruciyarsa a gidan kakarsa a ƙaramin garin Henning na jihar Tennessee, sannan a 1939 ya shiga rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka a matsayin mai hidima a ɗakin cin abinci na jirgin ruwa, domin irin aikin da ake ba baƙaƙen fata ke nan a wancan zamani. A cikin jirgin ne abokan aikinsa suka gano alƙalaminsa yana da daɗi, suka riƙa biyansa yana rubuta musu wasiƙu zuwa ga 'yan matansu. Ya shafe shekaru yana aika labarai ga mujallu ana dawo masa da su, kuma sai da ya cika shekara 20 a rundunar, ya yi ritaya a 1959, sannan ya rungumi rubutu ya zama abin da yake ci da shi.

Littafin da ya fi ratsa ni shi ne tarihin rayuwar Malcolm X, Musulmin nan ɗan Amurka mai fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, littafin da aka buga a 1965, shekarar da aka kashe Malcolm ɗin. Haley ya bayyana a ƙarshen littafin cewa da farko aikin ya ƙi tafiya, saboda duk zaman da suka yi Malcolm ba ya maganar komai sai ƙungiyarsu ta Nation of Islam da shugabanta Elijah Muhammad, har wani dare da Haley ya roƙe shi ya ba shi labarin mahaifiyarsa. Malcolm ya tsaya cak daga kai da komo da yake yi a ɗakin, ya fara tuna tsofaffin tufafinta da tsayuwarta a bakin murhu tana ƙoƙarin ɗan abincin da ke akwai ya ishi 'ya'yanta, bai yi shiru ba har gab da asuba.

Wannan ya sauya mini aiki. Wata dattijuwa ta zo aika wa ɗanta da ke Legas wasiƙa, ta jero gaisuwa da buƙatar kuɗin hatsi, ta ce shi ke nan. Na ajiye biro na ce, "Inna, yaushe rabonki da shi?" Ta yi shiru tana murza bakin mayafinta, sannan ta ce, "Ɗan nan, tun kafin rasuwar ubansa." Daga nan ta buɗe cikinta, kuma wasiƙar da ta tafi ranar ta cika shafi uku da maganar da ta daɗe tana son ɗan ya ji, ban ƙara mata ko kalma ɗaya ba.

Ɗaya littafin shi ne Roots na 1976, wanda Haley ya yi shekara 12 yana bincikensa, yana bin labarin da kakarsa ta ba shi har ƙauyen Jufure a Gambiya, inda ya ce daga can aka sace kakan kakanninsa Kunta Kinte a 1767, aka kai shi Amurka a matsayin bawa. An mayar da littafin fim na talabijin a 1977, aka kuma ba Haley lambar yabo ta musamman ta Pulitzer a shekarar. Sai dai daga baya marubuci Harold Courlander ya kai shi kotu bisa zargin kwasar masa rubutu, aka sasanta a 1978 bayan Haley ya amsa cewa wasu sassa na littafin wancan sun shiga nasa, masana tarihi kuma suka nuna rauni a silsilar dangin da ya kawo. Wannan ya yi mini zafi ƙwarai, kuma har yau ban iya ba shi uzuri ba, domin wanda ya riƙe amanar maganar Malcolm haka ya fi kowa sanin cewa kalaman mutum haƙƙinsa ne. Duk da haka ban daina ganin girman aikin da ya yi wa zuriyar bayi da ke neman asalinsu ba.

Na mayar wa malam littattafansa da damina ta kama, a cikin watan da takardar ɗaukata aikin koyarwa ta iso, wadda za ta kai ni wani ƙauye a yammacin Malumfashi. Daga nan za mu ɗora mako mai zuwa, in Allah ya yarda.