Wata Uku a Cikin Takardar Kakana

In aka koma makaranta ba na samun sukunin zama. Shagona na kayan rubutu ƙarami ne, a Fagge yake, tafiyar ƙafa zuwa Sabon Gari inda nake sari, kuma kusan rabin cinikin shekara a makonni ukun nan na Satumba ake yin sa. Tun ƙarfe bakwai da rabi iyaye ke tsaye a bakin kanta, kowa riƙe da takardar da makaranta ta ba shi: littafi mai falle 40 guda goma, mai 60 guda shida, 2A da 2D na 'yan aji ɗaya, fensir, kilina, rula, sai gwangwanin lissafi na Oxford ga wanda ya shiga sakandare. Ni ina ƙirge, yaron shago yana ɗauri, injin fotokwafi yana ta cije takarda saboda raɓar ƙarshen damina.

Ribar ba ta taka kara ta karya ba. Tun da aka saki Naira a watan Yuni na 2023, kuɗin rim ɗin takarda ya ninka, ya kuma haura, domin kusan duk farar takardar da muke taɓawa daga waje take zuwa. Masana'antu uku da gwamnati ta gina a Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun daɗe ba su ɗauke wa ƙasar nan wannan nauyi ba. Uba ya zo da kuɗin littafi goma, ya tarar na bakwai ne a hannunsa, ya tsaya yana lissafin darasin da yaro zai haɗa biyu a littafi ɗaya. Abin da ya fi ci mini rai bana shi ne wani katan da na saro, an buga 60 a bango, na ƙirga na sami falle 52. Na mayar, aka yi ta ja-in-ja, na karɓi kuɗina. Tun daga ranar duk katan ɗin da ya shigo sai na zaro uku daga tsakiya na ƙirga da yatsa. Uwar da ta sayar da ƙuli ta tara kuɗin nan ba za ta ƙirga ba, amana ta ba ni.

Ana cikin wannan hada-hadar aka tsayar da ranar saukar 'yata ta biyu. Alhamdu lillahi, ta kai Baƙara tun kafin Babbar Salla, malaminsu ya ce a jira sauran 'yan ajinsu a yi gaba ɗaya. Da na kai wa Inna labari, ba ta ce komai ba, ta tashi ta shiga uwar ɗaki. Na ji tana jan akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin gado. Ta fito da gafaka, fatar ta yi baƙi don tsufa, maratayin ya tsinke an ƙulla.

"Ungo, na kakanka ne. Shi ma a wurin mahaifinsa ya gada. Ka nuna wa yarinyar ta san gidan da ta fito."

"Inna, duk shekarun nan yana ɗakin nan ban sani ba?"

"Da can hankalinka yana kan biro da kwali. Yanzu ne ka isa."

Na yi alwala na buɗe. Alƙur'ani ne rubutun hannu, warwara, ba ɗinki, falle bisa falle a cikin tadarishi, kamar yadda aka saba a ƙasar nan da Barno. A ƙasan shafi, can gefe, marubucin ya sa kalmar da falle na gaba zai fara da ita, don ko iska ta watsa a iya jerawa. Baƙin yana nan ɗau, wasulla da ja, hamza ɗigon rawaya. Shekara goma sha shida ina sayar da takarda, saboda haka hannuna ya riga idona: tana da kauri, tana da ɗan kaushi, ba ta da santsin nan na rim. A can baya akwai falle biyu da ba a rubuta komai a kai ba. Na ɗaga ɗaya ga hasken taga, sai ga layuka sirara a jere cikin jikinta, a tsakiya kuma jinjirin wata guda uku, babba da matsakaici da ƙarami.

Na daɗe a tsaye. Na taɓa jin labarin takarda mai wata uku a bakin masu sayar da littattafai na Kurmi, ban taɓa riƙe ta ba. A arewacin Italiya aka riƙa yin ta, wajen Banis, kuma gidan Galvani na Pordenone na cikin waɗanda suka yi suna da ita a ƙarni na 19. Ba buga alamar ake yi ba. Da siririyar waya ake lanƙwasa ta a kan rariyar da ake ɗebo ɓarzajjen tsumma da ita, sai wurin ya fi sauran jiki siranta, haske ya riƙa ratsawa. Daga can ta ƙetare teku zuwa Tarabulus ko Masar, fatake su ɗoro ta a raƙuma, Larabawan Gadamas su sauke ta a Kano. Wato falle ɗin da ke hannuna ya keta Sahara kafin a haifi kowa a gidanmu da na sani. Mahaifin kakana ma takardar waje ya saya, kamar ni. Amma duk sauran abin da ke cikin gafakar nan, tawada da alƙalami da fata da hannun da ya yi rubutun, na nan ne.

Wannan ne ya hana ni barci. Na duba kantata washegari, daga sama har ƙasa, ban ga abu ɗaya da aka yi a cikin ganuwar Kano ba.

Ranar Asabar na shiga Kurmi neman mai zayyana, tunda ba a sauka ba allo. Kasuwar nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, a ƙarni na 15, kuma har gobe in ka bi lungunta za ka ji warin jima kafin ka ga fata. Na sami wani dattijo zaune a kan buzu, allo a cinya, yana fitar da da'ira a cikin da'ira. Abin da ke hannunsa ya sa na matsa kusa: kamfas ne na gwangwanin Oxford, irin wanda nake sayar wa 'yan aji ɗaya na sakandare. A gefensa ga kurtun tawada, ga alƙaluman gamba an fiƙe su kauri daban-daban, ga kuma maka, wato alƙalamin launi na kanti, ja da kore da rawaya.

"Alaramma, har da maka ake zayyana yanzu?"

"Alhaji, launi dai na kanti ne, ya fi saurin bushewa. Amma aya ba na rubuta ta sai da tawadarmu."

Ya nuna mini yadda yake haɗa ta: gawayi a daka ya yi laushi, a jiƙa ƙaro, a gauraya, a tace. Ta allo ke nan, mai wankuwa. Wadda ake rubutu a takarda don ta zauna dabam ce, da bagaruwa ake dafa ta, shi ya sa na kakana bai koɗe ba. A tsakiyar allon zai bar fili ya rubuta Fatiha da farkon Baƙara, inda yarinya za ta karanta a gaban jama'a. Ba ya zana komai a wata takarda tukuna. Tsarin duk yana kansa, daga tsakiya yake farawa ya yi waje, kuma ban ga ya goge ko sau ɗaya ba. Ni da nake shirya katin ɗaurin aure a kwamfuta, nakan ɗauko furanni daga intanet in manna, na tsaya ina kallon abin da ya fi su kyau nesa ba kusa ba, a bayan gidana.

Daga wurinsa na zarce rumfar dukawa na sayi fatar akuya guda biyu, ja, wadda aka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi. Irin fatar nan ta jar akuyar Sakkwato ce Turawa suka daɗe suna yi wa littattafansu bango da ita suna kiranta fatar Maroko, saboda ta can take bi ta isa gare su. Niyyata in gwada littafin rubutu mai bangon fata, na ajiye sirri ko lissafi, wanda mutum zai riƙe shekaru.

Gwajin farko bai yi ba. Na ninke A4 biyu, falle biyar-biyar, na ɗinka ƙunshi takwas, ya ba ni shafi 160. Rim ɗaya mai falle 500 ya fitar da littafi goma sha biyu. Da ido sun yi kyau, amma in ka buɗe sai littafin ya rufe kansa, shafukan kuma suna tattarewa a gindin ɗinki. Na kai wa wani tsoho mai ɗaurin littafi da mahaifina yake hulɗa da shi tun ina yaro. Ya yagi falle ɗaya a tsaye, ta tafi sak. Ya yage ta a kwance, ta karkace.

"Ka gani, ɗana? Takarda ma tana da jijiya, kamar rake. A kan jijiyarta ake ninke ta, ba a gicciye ba."

"To Baba, yaya zan yi da A4?"

"Ka bar ta wa fotokwafi. Sayi babban falle, a yanka maka yadda jijiyar za ta bi ƙashin bayan littafin."

Haka na yi. Na biyu ya kwanta lumus a kan tebur. Baduku ya fefe gefen fatar ta yi siriri don ta lanƙwasu a kusurwa, ya buga dagi ƙarami a tsakiyar bango da ƙarfe. A shafin farko na sa zanen da'irar da Alaramma ya yi mini musamman a farin kwali, na biya shi kuɗin aikinsa, muka kuma yi magana cewa duk bugun da na sake yana da rabo. Aya kam ban sa ba, kuma ba zan sa ba ko an roƙe ni, domin littafin rubutu yana iya ƙarewa a hannun mai ƙosai.

Na yi ashirin, an sayi tara cikin mako biyu. Wata malamar asibiti ta ɗauki biyu, wani ɗan kasuwar Kwari ya ce a yi masa mai layi don rubuta bashi. Da yawa sukan ɗauka, su shinshina fatar, su ji kuɗin, su ajiye su sayi mai falle 80, kuma ban ga laifinsu ba. Littafin makaranta da biro su ke biyan hayar shago, ban manta ba. Sai dai yanzu in na buɗe da safe, layin kantar da ke daidai idona na fara gogewa.

A gida kuma, yaron shagona ya sami gurbin karatu, zai koma zuwa da yamma kawai, ina neman wanda zai riƙe mini safiya. Likita ya rubuta mini tabarau, tun da zaren ɗinki ya fara gagarata shiga allura. Inna ƙafar ta yi sauƙi, har ta fara maganar yawan shinkafar da za a dafa ran walima.

Allon ya iso jiya da la'asar, an naɗe shi a tsohon zane. Yarinyar ta karɓa da hannu biyu, ta ƙi bari ƙannenta su taɓa. Da dare na fito da gafakar, na kashe fitilar ɗaki, na kunna tocilan a bayan falle ɗin nan da ba a rubuta ba. Ta ƙirga watannin da yatsa ba tare da ta taɓa takardar ba, sannan ta tambaye ni ko za a bar ta ta karanta farkon Baƙara daga na kakan ranar saukar. Na ce sai mun tambayi Inna da safe.