Abin da na gani a gandun farautar Turawa a Norfolk

Lokacin da nake karatun aikin gona a Ingila na samu wani ɗan aikin wucin gadi a wani gandun farauta da ke yankin Norfolk, irin manyan gandayen nan da masu kuɗi ke biya su zo su harbi tsuntsu, kuma gaskiya kafin na je abin da ke raina shi ne wuri ne na kashe-kashe kawai, to amma harbin ɗan lokaci ne a shekara. Fezan, tsuntsun nan mai doguwar wutsiya da suke ji da shi, ana buɗe farautarsa ran 1 ga Oktoba a rufe ran 1 ga Fabrairu, ita kuma fakararsu tun 1 ga Satumba ake farawa. Sauran watannin duk wahalar gyaran daji ce, kuma can aka jefa ni.

Ogana wani dattijo ne da ake ce wa kifa, wato mai kula da tsuntsayen gandun, ba shi da yawan magana. Aikin farko da ya ba ni shi ne kwantar da shinge a tsakiyar hunturu. Shingensu na itatuwa ne masu ƙaya da ke raye, za ka sa adda ka sari gindin itacen amma ba za ka tsinke shi ba, sai ka bar ɗan ɓawo da tsoka yana riƙe, ka kwantar da shi a gicciye kan na gabansa, a kafa turaku a kitsa. Hannu ya daskare, ƙaya ta huda safar hannu, ga laka har ƙauri. Amma da bazara ta zo sai ka ga gindin ya tofo ya cushe ta ƙasa yadda ko kare ba zai ratsa ba, kuma a irin wannan gindin shingen ne fakara ke yin sheƙa. Daga 1 ga Maris zuwa ƙarshen Agusta ba a aske shinge a gonakin Ingila saboda tsuntsaye na kan ƙwai, shi ya sa muke ta sauri.

Inda na fi ƙaruwa shi ne maganar 'yan tsaki. Fakararsu ta asali, mai ruwan toka, ta ragu da sama da kashi 90 cikin 100 daga 1970 zuwa yau, kuma ba bindiga ce ta fi cinye ta ba. Wani masani Dick Potts ya fara bin diddigin abin a Sussex tun 1968, ya gano cewa 'yan tsakin a makonninsu na farko ƙwari suke ci, tsutsotsi da ƙananan halittun da ke rayuwa a jikin ciyawa, to da manoma suka rungumi maganin feshi sai ciyawar ta mutu, ƙwarin suka ɓace, uwa ta ƙyanƙyashe ƙwai goma sha biyar a watan Yuni amma yunwa ta kwashe su ɗaya bayan ɗaya a cikin gonar alkama mai kyau kore shar. Don haka a gandunmu ana barin gefen gona kamar mita shida ba a yi masa feshi, sannan a tsakiyar manyan filaye aka ja wata doguwar kunya mai faɗin kamar mita biyu aka shuka ciyawa mai tushe, ba a nome ta ba a girbe ta, ƙwari su yi hunturu a ciki. Wata safiya kifa ya miƙo min wata raga mai kama da rariya ya ce in share ciyawar gefen gona sau da yawa in juye a farin faranti, sannan in shiga cikin gonar in sake. Na gefen gonar, farantin sai motsi yake, na cikin gonar kuwa da ƙyar na ƙirga 'yan ƙwari, bai ce min komai ba ya karɓi ragarsa.

Wani abin da ya ba ni dariya, dawa da gero suke shukawa fa, wata gajeruwar dawa, a haɗa da masara da kabejin dabbobi a yi ɗan fili a gefen daji, ba don su ci ba sai don tsuntsu ya samu mafaka da ƙwaya. Ƙananan tsuntsaye da ba ruwan kowa da harbinsu su suka fi cin moriyar wurin, za ka ga garkensu ya tashi fir idan ka matso.

Sai ɓangaren da ba kowa ke son ji ba. Kifa na ɗana wa hankaki tarko, yana harbin dila da dare, musamman daga Maris zuwa Yuli lokacin kwanci, kuma ya ce min kai tsaye in ba haka ba duk shingen da muka kwantar abinci muka girka wa dila. A gonar gwaji ta Allerton da ke Loddington, wadda aka fara a 1992, an ga tsuntsaye masu waƙa sun ƙaru sosai da aka haɗa gyaran muhalli da ciyarwa da rage masu cin ƙwai, da aka daina tarkon a farkon shekarun 2000 kuma wasu suka fara ja da baya. Amma shaho da dangoginsa doka ta kare su, kuma sanannen abu ne ana samun gandayen da ke kashe su a ɓoye, wannan ne ke ɓata wa sana'ar suna, ni dai a inda na yi aiki ban ga an taɓa su ba.

Ba duk gandaye ne ɗaya ba, nan ne mutane ke ruɗewa. Ana sakin fezan da jar fakara na kiwo miliyoyi barkatai duk shekara a Birtaniya, fezan ɗin ana kawo su suna 'yan makonni bakwai a zuba a keji cikin daji a watan Yuli ko Agusta, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ake harbewa, saura dila da mota da cuta. Na taɓa zuwa taya kora, wato tayar da tsuntsaye zuwa wajen masu bindiga, a wani gandun maƙwabta da ya cika kejinsa fiye da kima, ƙasan dajin duk ya zama fako, ba ciyawa sai kashin tsuntsu da wari, alhali shawarar masana ita ce kar a wuce tsuntsu 1,000 a hekta ɗaya na keji. Su ma suna kiran kansu masu kare muhalli, amma a ganina kaji kawai suke kiwo.

Ranar harbi mu 'yan kora muke jeruwa da sanduna da tutoci muna buga bishiya, tsuntsaye su tashi su bi ta kan masu bindiga, da yamma a ba kowa ladansa da tsuntsu biyu, ni nawa nakan ba wani abokin aiki tunda ba yanka aka yi ba.

Idan za ka auna gandu ka je a watan Maris bayan an rufe farauta, lokacin da ƙwayar daji ta ƙare kuma babu sauran baƙon da zai biya ko sisi. A namu har cikin Afrilu muke zagayawa muna cika durom-durom na alkama da ke rataye a gindin shinge, buhu a kafaɗa, sannan da sassafe mu shiga mota da na'urar hangen nesa muna ƙirga fakara miji da mata muna sa alama a taswira, a tura lissafin ga shirin ƙidayar fakara na ƙasa da ake yi tun 1933. Da wannan da ƙidayar bayan girbi ake yanke ko za a harbi fakarar daji, kuma shekarar da nake can Yuni ta zo da ruwa da sanyi, 'yan tsaki ba su yi yawa ba, mai gandun ya ce ba wanda zai ɗaga mata bindiga a wannan kakar.