Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Hunturun da Aka Hana Ni Tsalle

A makon da ya gabata na tsaya ne a inda ƙungiyar hoki ta yaran unguwarmu a Winnipeg ta rasa mai tsaron raga, aka tambayi wanda zai sa kayan, ni kuwa na ɗaga hannu don kawai na taɓa zama gola a filin bayan gidanmu a Zariya. Hunturun 2009 ne, ina da shekara goma sha uku, kuma shekara uku ke nan da Baba ya kawo mu Kanada. Ga wanda bai san wasan ba, hoki na kan ƙanƙara ba da ƙwallo ake yinsa ba, da wani baƙin faifan roba ne mai tauri, faɗinsa inci 3, kaurinsa inci 1, nauyinsa bai wuce giram 170 ba, ana korarsa da sanda. Ragar kuwa ƙafa 6 ce a faɗi, ƙafa 4 a tsayi. Da na tuna ragar ƙwallon ƙafa mai faɗin sama da mita 7, sai na ce a raina wannan ai aikin barci ne, ashe kallon kitse nake yi wa rogo.

Wasannin farko sun ƙara mini girman kai, domin duk faifan da ya taso sai in wulla jikina a kansa kamar yadda na saba a ƙasar Zariya, iyaye kuma su riƙa bubbuga gilashin da ya kewaye filin suna ihu. Ana cin mu biyar ko shida, amma ni ake yabo. Ana cikin haka wani dattijo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ke zuwa kowace Asabar yana koyar da masu tsaron raga kyauta, ya tsaya ya kalle ni wasa guda cur bai ce uffan ba. Bayan an tashi ya same ni ina kwance igiyar takalmi, ya ce, "Yaro, duk tsallen da ka yi yau shaida ce cewa ka makara. Wanda ya isa wurin da wuri ba ya buƙatar tsalle."

Raunin farko da ya nuna mini shi ne ƙafafuna, kuma a nan muka fi daɗewa. Na iya gudu a kan ƙanƙara gaba gaɗi kamar sauran yara, amma tafiyar gola dabam ce, domin yawancinta gefe da gefe ake yinta a cikin ɗan shuɗin filin da ke gaban raga, ƙirji yana fuskantar faifai koyaushe. Idan tazarar gajeriya ce, ana ja da ƙafa ɗaya ana turawa da ɗayar ba tare da an juya yatsu ba. Idan kuwa an miƙa faifan daga wannan gefe zuwa wancan, sai a juya ƙafar gaba ta kalli inda za a nufa, ƙafafun biyu su yi siffar harafin T, a tura da ta baya da ƙarfi, sa'annan a taka birki da kaifin takalmin gaba a tsaya cak. Tsayawar ce ta gagare ni. Nakan tura da kyau, amma sai in zarce wurin da taki guda, in bar rabin raga a buɗe, daga nan kuma dole in yi tsallen nan da ake yi mini tafi a kansa. Asabar uku a jere dattijon bai bari an harbo mini faifai ko ɗaya ba, sai dai daga wannan ƙarfen raga zuwa bakin shuɗin fili, daga can zuwa ɗaya ƙarfen, har cinyoyina suka riƙa rawa idan zan hau matakalar gida.

Na biyu shi ne wurin tsayuwa, kuma yadda ya koya mini shi ban taɓa mantawa ba. Ya ɗaure igiya a jikin kowane ƙarfen raga, ya haɗa bakinsu a kan faifan da ya ajiye can gaba, sai suka yi siffar alwatika. Da na tsaya a kan layin raga, inda na saba tsayawa jiran bugun fanareti, akwai sarari mai yawa tsakanina da kowace igiya. Da ya ce in matso bakin shuɗin fili, sai ga kushin ƙafafuna sun kusa taɓa igiyoyin biyu. Sa'annan ya sa ni na kwanta rub da ciki, na ajiye idona daidai da faifan, shi kuma ya tsaya a raga, domin in ga abin da faifan yake gani. A nan na gane kuskuren da ya fi cutar da ni, wato ina daidaita jikina da jikin mai harbi, alhali faifan yana bakin sandarsa, kusan mita guda a gefensa, kuma daga can zai taso. A ƙwallon ƙafa mutum da ƙwallonsa wuri ɗaya suke, shi ya sa wannan bai taɓa zo mini a rai ba.

Sai kuma saurin durƙuso. Akwai salon tarewa da ake yi wa laƙabi da malam-buɗe-littafi, inda gola ke faɗawa kan gwiwoyinsa ya baje kushin ƙafafu hagu da dama su rufe ƙasan raga, kuma sunan ya fi dacewa da Hausa, don kuwa kamar littafi ake buɗe su. Shahararren gola Patrick Roy ne ya yaɗa salon tare da mai horar da shi François Allaire a Montreal, inda ya ci Kofin Stanley, wato kofin babbar gasar hoki ta Arewacin Amurka, a 1986 yana ɗan shekara 20, kuma tun daga nan kusan kowane yaro da shi ake fara shi. Matsalata ita ce da zarar mai harbi ya ɗaga sanda sai in zube, ni kuwa gajere ne a lokacin, saboda haka saman raga ya zama kyauta ga duk yaron da ya iya jinkirta daƙiƙa ɗaya. A watan Disamba na 2009 gola Martin Brodeur ya karya tarihin tsohon gola Terry Sawchuk na jimillar wasanni 103 da ba a ci shi ko ɗaya ba, kuma da yake Sawchuk ɗan Winnipeg ne, dattijon ya zo horo fuska a murtuke. Duk da haka ya ce in je in kalli Brodeur a talabijin, kada in kalli tarewarsa, in ƙirga sau nawa yake tsayawa a kan ƙafafunsa har faifan ya bar sanda.

Abin kunya da na ɓoye wa kowa shi ne ina runtse ido idan harbin ya nufo fuskata. Dattijon ya gano hakan da kansa, domin ya lura kaina ba ya bin faifan har cikin safar kamu. Bai yi mini dariya ba, ya dai ce har zuwa 1959, lokacin da faifai ya fasa wa gola Jacques Plante fuska ya ƙi komawa fili sai da abin rufe fuska, da fatarsu manya suke tarewa, ni kuwa ina da kejin ƙarfe. Maganin da ya ba ni shi ne ƙwallon tanis da bangon ɗakin ƙasa, jifa ɗari biyu kowane dare, ido yana raka ta har tafin hannu. Umma ta jure mako guda kafin ta kafa mini dokar cewa ba bugun bango bayan sallar isha'i. Batun faifan da ke dawowa daga jikina ya faɗa gaban abokan hamayya kuwa bai ɗauke mu lokaci ba, don da na koyi karkata sanda da garkuwar hannu ina tura shi kusurwa, sai ya ragu da kansa.

Baba bai gamsu da wannan sauyi ba. Wata rana a mota ya ce, "Kai da ake yi wa tafi, yanzu ka koma tsayawa kamar turke. Anya tsohon nan bai ɓata ka ba?" Na ce, "Baba, ai yau biyu kawai aka ci mu." Ya yi shiru, can ya ce shi dai tsallen ya fi ba shi sha'awa.

Ɗaya daga cikin biyun nan ta tsakanin ƙafafuna ta wuce, wurin da masu wasan ke kira rami na biyar, domin duk lokacin da na tura zuwa hagu sai bakin sandata ya ɗaga daga ƙanƙara ban sani ba. Asabar ta gaba dattijon ya ɗora faifai a gaban sandar, ya ce in zagaya shuɗin fili da shi kada ya kuɓuce, kuma sau goma sha ɗaya yana kuɓucewa kafin a tashi. Da wannan rauni na ƙare kakar, da shi kuma na shiga sansanin horon watan Agusta na 2010, wanda ya faɗo a cikin azumi, kuma daga nan zan ɗora mako mai zuwa in Allah ya kai mu.