Abin da ganga ta faɗa a kan tsohon Jincheng ɗina

Assalamu alaikum 'yan uwana masu koyon taɓa inji. Wata huɗu ke nan da muka kafa gangar awo, wato na'urar gwada ƙarfin babur, a bayan garejin maigidana a nan Bauchi, littafin da nake rubuta sakamako kuma ya kusa cika. Ga inda aka kwana, domin wanda zai biyo wannan hanya kada ya ƙona fistin kamar yadda na ƙona.

Babur ɗin Jincheng AX100 ne, irin wanda 'yan acaɓa suka yi yayi kafin Boxer ta mamaye titi. Inji ne mai bugu biyu, mai shan tuti, faɗin silindarsa milimita 50, tafiyar fistin ma milimita 50, wato cc 98. Na zaɓe shi ne saboda kayansa na da arha, kuma irin wannan inji yana jin maganar salansa fiye da kowane.

Wajen masu babur ɗin ƙanƙara na fara ɗaukar karatu, ta bidiyo. Abin hawa ne na ƙasashen sanyi, gabansa sanduna biyu masu sulɓi, bayansa bel mai haƙora yana tura shi a kan dusar ƙanƙara. Ski-Doo ya fito a Kanada a 1959, injinsa na Rotax daga Ostiriya ake ƙera shi, Polaris da Arctic Cat kuma daga jihar Minesota ta Amurka suka taso. Ni ban taɓa ganin dusar ƙanƙara da idona ba. Amma lokacin da baburan titi suka koma inji mai bugu huɗu, su ba su saki mai bugu biyu ba, har yau suna hawan cc 600 da cc 850, suna ɗora su a kan daino, wato na'urar auna ƙarfin inji, suna bin kowane doki guda na ƙarfin injin. Ilimin da nake nema a hannunsu ya taru.

Daino na kanti ya fi ƙarfin aljihuna, sai muka haɗa namu. Mun samo dunƙulen ƙarfe mai faɗin santimita 30 a wajen 'yan gwangwan, aka feƙe shi ya daidaita, muka ɗora shi a kan boris biyu, muka haɗa masa fulayiwil ɗin tifa don ƙarin nauyi. Tayar baya ke hawa kan gangar, gaban babur a ɗaure tam. Wani ƙanena da ke karatu a jami'ar ATBU ya manna maganaɗisu a jikin gangar, ya sa ɗan firikwensin da ke ƙirga kowane zagaye yana aika wa wani ɗan allon lantarki da ake kira Arduino, daga nan zuwa kwamfuta. Hikimar ba ta da wuya: nauyin ganga ba ya canzawa, don haka injin da ya fi saurin kai ta daga wannan gudu zuwa wancan shi ya fi ƙarfi. Mai son lissafi ya riƙe wannan: a ninka ƙarfin murɗa na Nm da yawan juyin inji a minti ɗaya, a raba da 9549, a sami kilowat, doki ɗaya kuwa wat 746 ne. Ni dai daƙiƙa nake rubutawa. A giya ta uku, daga juyi 4,000 zuwa 8,000, totur a buɗe har ƙarshe, daƙiƙa nawa?

Don Allah duk wanda zai yi irinta ya rufe fulayiwil da kejin ƙarfe, ya sa fanka mai ƙarfi tana hura kan injin, kuma ya yi aikin a waje. Babur a tsaye ba ya samun iskar da yake samu a hanya, hayaƙin kuma yana kisa a rufaffen ɗaki.

Awon farko da salansar kamfani ya ba ni daƙiƙa 9.4. Daga nan na mayar da salansar da na daɗe ina alfahari da ita, wadda na fasa na zubar da kayan cikinta tun bara. A hanyar Dass, da ita nakan ji kamar babur zai tashi sama. A kan ganga ta ba ni 9.9. Na maimaita sau biyar, ba ta taɓa kamo ta kamfani ba. Maigidana yana zaune a benci yana kallon allon kwamfutar, ya ce, "Ka gani ko, yaro? Kunnenka ne ke gudu." Na ce, "Wallahi Baba, da rantsuwa zan yi a kanta." Gani ya kori ji. Shekara guda ina ƙona mai ina damun maƙwabta, ƙarfin kuma raguwa ya yi.

Dalilin yana cikin yadda wannan inji yake numfashi, kuma a nan na fi daɗewa. Ba shi da bawul, fistin ne ke buɗe ramukan jikin silinda yana rufewa. Akwai ɗan lokacin da ramin shigar sabon mai da ramin fitar hayaƙi suke buɗe tare, sai wani kaso na man ya bi hayaƙi ya tsere bai ƙone ba. Salansa mai tumbi, wadda take buɗewa sannu a hankali, ta yi ciki, sannan ta tsuke, maganin wannan take yi. Ƙarar fashewar kanta igiya ce mai tafiya cikin bututu. Idan ta isa inda bututun ke buɗewa sai ta haifar da zuƙa, ta jawo hayaƙi waje ta jawo sabon mai sama. Idan ta daki inda ya tsuke sai ta dawo, ta tura man da ya tsere ya koma silinda daf da rufewar ramin. Wani injiniya, Walter Kaaden na kamfanin MZ a Jamus ta Gabas, shi ya gwanance a kan wannan, har a 1961 injinsa na cc 125 ya ba da doki 25. Tawa da na fasa ba ta zuƙa ba ta turawa, rami ne kawai mai ihu.

Sai na zana tawa a kwali, mai walda ya yanka falle ya naɗe ya haɗa. Sati uku muka yi a kanta. A nan na yi kuskure na biyu, na kwaikwayi mutanen ƙanƙara ido rufe. Na yi ta gajera, mai tsukewa da sauri, irin wadda ke tara ƙarfi duka a sama. A kwamfuta layin ya yi tsini kamar dutse kusa da juyi 8,000, a ƙasa da 6,000 kuwa kwari ne, ya gaza na kamfani ma. Abin da ban lura da shi ba, babur ɗin ƙanƙara ba ya canza giya irin tamu. Bel ne tsakanin kura biyu masu buɗewa da tsukewa da kansu, irin na sukuta. Masu shi suna canza nauyi da sifirin na kulocin har injin ya tsaya cak a juyin da ya fi ƙarfi, wajen 8,000 a manyan injinansu, gudu yana ƙaruwa juyi bai motsa ba. Su tsini ya ishe su. Ni mai giya huɗu, duk sanda na sa ta gaba juyi zai faɗo, in faɗa cikin kwarin nan. A cunkoson Wunti babur ɗin ya zama wahala, sai an yi ta murza kuloci kafin ya ɗaga.

Mun yanke ta muka ƙara santimita 5 a wuyanta. Tsinin ya sauko ƙasa ya baje, kwarin ya cike sosai, lokaci ya dawo 8.3. Dokin can sama ya ɗan ragu, amma wannan ce salansar da zan iya hawa zuwa kasuwa, kuma a ganina ita ce ta yi nasara.

Akwai abin da ya ruɗa ni kwana da kwanaki. Ban taɓa komai ba, amma awo na farko da na huɗu ba sa zuwa ɗaya, tsinin yana matsawa sama da kansa. Na zargi firikwensin, na zargi sulɓin taya. Ashe zafin salansa ne. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa cikin iska mai zafin digiri 20, cikin hayaƙi mai zafi kuwa yana haura 500. Bututu na ƙara zafi, igiyar na ƙara saurin dawowa, sai ta dace da juyi mafi yawa. Yanzu ba na rubuta awo biyun farko. Daga na uku nake farawa, in bar minti biyu tsakanin kowane awo, in ɗauki uku in raba.

Yanzu maganar fistin. Salansa mai aiki tana sa inji ya shaƙi iska da yawa, don haka tana neman jet babba, wato ɗan ramin da mai ke bi a cikin kafireta. Na sa babba, sannan na riƙa saukowa lamba ɗaya-ɗaya, kowace saukowa lokaci na raguwa, har na kai 8.0. Fulogi ya tashi daga baƙi ya koma kalar shayi da madara, ya fara haske. Nan ya kamata in tsaya in koma baya lamba ɗaya. Daɗin lamba ya ja ni na bar shi a bakin gaɓa. Da rana tsaka na yi wannan saiti, ma'aunin zafi na nuna digiri 33. Bayan kwana biyu na fita bayan sallar asuba, hunturu na kaɗawa, digiri 14. Ban yi nisa a hanyar Ningi ba, totur a buɗe, na ji injin ya canza murya, taya ta ja ƙasa. Allah ya taimake ni na kama kuloci da wuri. Da muka buɗe, fistin ya cije ta gefen ramin hayaƙi, fulogi fari fat.

Iska mai sanyi ta fi nauyi. Kowane digiri 3 da zafi ya sauka, iskar da ke cikin silinda na ƙaruwa da kusan kashi 1 cikin ɗari, wato tsakanin ranar nan da asubar nan an sami fiye da kashi 6. Kafireta ba ta ƙara mai daidai da haka. Iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan, wuta ta yi zafi, kuma a wannan inji man da ke shiga yana cikin abin da ke sanyaya fistin. Masu babur ɗin ƙanƙara suna da jadawalin jet na sanyi da na tudu, kuma na sha ganinsa ina ɗauka matsalarsu ce su kaɗai. Mu ma muna da namu. Asubar Janairu daban, azahar ɗin Afrilu daban. Bauchi tana kan tudun da ya ɗan haura mita 600, Jos kuwa wajen mita 1,200, kuma kowane mita 300 na hawa yana cin kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfin inji. Wanda ya saita babur a Jos ya gangaro Gombe, inda iska ta fi nauyi, ya duba fulogi kafin ya murɗe totur.

Tun daga ranar, kowane layi a littafina yana ɗauke da kwanan wata, ƙarfe nawa, zafin iska, lambar jet, matsayin allurar kafireta, iskar taya, da gidan man da na sha. Abu ɗaya nake canzawa a rana. An gyara silinda, an sa sabon fistin da ringi, na koma jet lamba ɗaya sama, lokaci ya tsaya a 8.2.

Aikin da ke gabana shi ne tazarar da ke tsakanin kan fistin da gefen murfin silinda. Ana zura wayar dalma ta ramin fulogi har ta taɓa bango, a juya injin da hannu fistin ya matse ta, a zaro a auna kaurinta. Tawa ta nuna milimita 1.6, ina so in sauko da ita kusa da 1.0 ta hanyar rage kaurin gaskit. Baba ya ce kada in taɓa sai sabon ringi ya zauna, ya yi kilomita 500 tukuna. Yau da safe na duba, saura 140.