Finafinan da masana suka raina, tsofaffi suka riƙe

Duk wanda ya karanta littattafan da baƙi suka rubuta game da finafinan Suwidin zai ɗauka cewa mutanen ƙasar ba su taɓa shiga sinima don su yi dariya ba, domin kusan kowane babi da mai ba da umarni Ingmar Bergman yake farawa, da shi kuma yake ƙarewa, tsakanin mutuwa da shakku da auren da ya lalace. Iyakar sanina ke nan lokacin da aka ɗora mini shirya kallon fim na mako-mako a gidan kula da tsofaffi da nake aiki a birnin Malmö. Hunturu ne, rana tana faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu na yamma, mazauna gidan kuma ba su da inda za su je. Aka ce mini finafinan barkwanci na da ake so. Aka haɗa ni da wani mutum mai ilimin fim da ke ba irin waɗannan gidaje shawara, ya rubuta mini jerin abin da ya dace a nuna, kuma wannan jerin ne har yau nake jin zafinsa a raina.

Ba zan ce babu abin kirki a cikinsa ba. Akwai finafinan raha biyu na Bergman, En lektion i kärlek na 1954 da Sommarnattens leende na 1955, wanda ya samo kyauta a bikin Cannes a 1956. Akwai na Hasse Ekman tare da Sickan Carlsson, akwai kuma na Hans Alfredson da Tage Danielsson. Abin da babu shi ne duk barkwancin shekarun 1930, babu Edvard Persson, babu Thor Modéen, babu ko ɗaya daga finafinan Åsa-Nisse. Da na tambayi dalili, sai mai shawarar ya ce waɗannan finafinai ne da ƙasar take jin kunyarsu, kuma nuna wa tsofaffi su daidai yake da ɗaukarsu yara. Na ga kamar girmamawa ce yake nufi, na amince.

Akwai wani dattijo a gidan da ya yi ƙuruciyarsa yana aiki a masana'antar ƙera jiragen ruwa ta Malmö. Kowane mako, kafin a kashe fitila, sai ya kira ni ya ce, "'Yata, yaushe za ki kawo mana Edvard?" Ni kuma in ce masa ya yi haƙuri mu gama jerin tukuna. Yakan gyaɗa kai, ya zauna a kujerar gaba, kafin fim ya yi nisa barci ya ɗauke shi. Ba shi kaɗai ba. Ranar da aka nuna Sommarnattens leende, mata biyu da suka taɓa koyarwa sun ji daɗinsa ƙwarai, sauran kuwa suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, domin rahar fim ɗin a cikin magana take, maganar masu hali da ke wasa da aure da kishi, kuma mutumin da ke fama da na'urar ji a kunne ba ya iya bin ta. Dattijon ya rasu kafin hunturu ya wuce. Bai ga Edvard ɗinsa ba, alhali faifan yana ajiye a ɗakin karatu na unguwar, tafiyar ƙafa daga ƙofar gidan.

Masu zuwa kallo suka ragu har shugabar gidan ta ce za ta soke shirin. Da na ga ba abin da ya rage a rasa, sai na ajiye jerin na ɗauko Kalle på Spången na 1939, inda Persson yake fitowa a matsayin mai masauƙin baƙi a karkarar Skåne, yankin kudancin Suwidin da Malmö ke ciki. A sahu na biyu akwai wata tsohuwa da ciwon mantuwa ya ci ƙarfinta, wadda ba ta gane 'yarta idan ta zo ziyara, kuma ni da kaina nake ba ta abinci a baki. Da Persson ya fara waƙarsa ta mutumin da ya yi rayuwarsa a bakin babbar hanya, sai na ga yatsunta suna buga hannun kujera daidai da kiɗan, sannan ta buɗe baki ta bi shi baiti bayan baiti, da karin harshen Skåne mai kauri, ba ta ɓata kalma ko ɗaya ba. Wasu suka kama mata. Abokiyar aikina ta fita waje don kada a ga hawayenta. Ni kuwa kujerar gaba nake kallo, ina jin haushin mutumin da ya ce min wannan abin kunya ne.

Daga baya na nemi sanin inda rainin ya samo asali, na tarar ya girmi mai shawarar nesa ba kusa ba. Bayan zuwan fim mai sauti, kamfanoni irin su Svensk Filmindustri da Europa Film suka riƙa fitar da barkwanci mai arha game da masu shago da masinja da sojoji da masu gidan haya, masu suka suka laƙaba masa sunan giyar talakawa, pilsnerfilm. A 1937 fim ɗin Pensionat Paradiset, wanda Weyler Hildebrand ya ba da umarni, Thor Modéen da Julia Caesar suka fito a ciki, ya harzuƙa marubuta har aka yi zazzafar muhawara a zauren Konserthuset da ke Stockholm kan ko finafinan ƙasar sun zama haɗari ga al'ada, kuma marubuci Vilhelm Moberg yana cikin masu caccakar. Jama'a kuwa suka ci gaba da cika sinima. Haka aka yi wa finafinan Åsa-Nisse, su 20 tsakanin 1949 da 1969, waɗanda John Elfström ya ja 19 daga ciki a matsayin manomin Småland mai wayo da ƙirƙire-ƙirƙiren da ba sa ƙarewa lafiya: jaridun babban birni suna zagi, mutanen karkara suna layin tikiti. Wanda ya tuna yadda wasu masu boko suka riƙa yatsina fuska ga finafinan camama na marigayi Rabilu Musa Ibro, alhali kasuwa da tasha sun haddace maganganunsa, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Ba ina cewa duk finafinan nan gwanaye ba ne. Da yawa labarinsu ba ya tsayawa da ƙafarsa, wasu an yi su cikin gaggawa kuma ana gani. Abin da jerin ya kasa fahimta shi ne tsofaffin ba mai ba da umarni suke bi ba, ɗan wasa suke bi. Ba wanda ya taɓa ce mini in kawo fim ɗin Hildebrand. Edvard suke cewa, Modéen suke cewa, Sickan suke cewa, kamar sunayen 'yan'uwa. Kuma 'yan wasan nan ba a gaban kyamara suka koyi sana'a ba, a kan dandamali suka koya, a wasannin raha da waƙa da rangadin wuraren shaƙatawar jama'a, inda mai kallo yake gabanka kuma idan bai yi dariya ba ka sani nan take. Persson, haifaffen Malmö a 1888, ya daɗe yana wasan dandamali kafin fim ya ɗaukaka shi, kuma bai taɓa sauke karin harshen yankinsa ba har rasuwarsa a 1957. Modéen, ƙaton mutum mai ƙatuwar murya, ya rasu a 1950 yana da shekara 52 kacal. Fridolf Rhudin ma bai cika arba'in ba ya rasu a 1935. Ko Ingrid Bergman, wadda duniya ta sani daga Amurka, fitowarta ta farko mai muhimmanci a barkwancin Munkbrogreven na 1935 ce.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Nils Poppe. Ni na san shi ne daga Det sjunde inseglet na 1957, fim ɗin Bergman da jarumin yaƙi yake buga dara da Mutuwa, inda Poppe ya fito a matsayin Jof, ɗan wasan yawo mai sanyin hali wanda shi da matarsa da ɗansu suka tsira. Na ɗauka ɗan wasan Bergman ne kamar sauran. Tsofaffin suka yi mini dariya, domin a wurinsu Poppe shi ne Fabian Bom, shugaban tashar jirgin ƙasa mai tsananin son ƙa'ida wanda ya shiga soja a Soldat Bom na 1948, ya riƙa jin daɗin horon da ake ba shi a matsayin hukunci har ya gigita manyansa. Da muka kalli fim ɗin sai na ga Gunnar Björnstrand a ciki, na ga Inga Landgré, dukansu biyu kuma suna cikin Det sjunde inseglet, shi a matsayin yaron jarumin, ita a matsayin matar jarumin. Ashe fim ɗin da masana suke ɗagawa sama da mutanen da aka horar a barkwancin da suke rainawa aka gina shi. Bayan haka na sake kallon wurin da ake tilasta wa Jof rawa a kan teburin mashaya kamar dabbar wasa, na lura da yadda yake sarrafa gwiwoyinsa da kafaɗunsa, jiki yana rawar ban dariya fuska tana nuna tsoro. Wanda bai shekara da shekaru yana rawa da tsalle-tsalle a gaban jama'a ba ba zai iya wannan ba.

Poppe, wanda aka haifa a Malmö a 1908 ya tashi a hannun masu riƙo, bai bi hanyar manyan bukukuwan fim ba duk da ƙofar ta buɗe masa. A 1966 ya karɓi dandamalin wasan fili na Fredriksdal a Helsingborg, ya riƙa wasa a can kowane bazara har 1993, yana da shekara 85, gidan talabijin na ƙasa kuma yana nuna wasannin a farkon watan Janairu. Kusan kowa a ɗakin kallonmu ya taɓa zama a wannan fili ko ya kalla a gida tare da iyayensa, kuma rabin daɗin zaman shi ne hirar da ke biyo baya. Mutum irin wannan ma ba ya cikin jerin da aka ba ni.

Abu guda ne mai shawarar ya yi gaskiya a kansa, ko da yake bai faɗe shi yadda zai amfane ni ba: akwai dafi a cikin wasu finafinan shekarun 1930. Pettersson & Bendel na 1933 ya zana Bayahude a siffar maƙetacin mai son kuɗi, har 'yan Nazi suka yi amfani da shi a Jamus. Na kalle shi ni kaɗai na mayar. Akwai wasu da suke wasa da baƙar fata ko da mata ta hanyar da ba zan zauna ina kallo tare da mutanen da nake yi wa hidima ba. Maganin wannan shi ne mutum ya kalli kowane fim daga farko har ƙarshe kafin ya nuna, ya tace da idonsa, ba ya share zamani guda da alƙalami ɗaya ba.

Ga wanda za a ɗora wa irin wannan aiki, kafin ya nemi masani ya zaga ɗaki-ɗaki ya tambayi mazauna gidan wane ɗan wasa suke kewa, ya rubuta, ya fara da bukatar wanda ya fi tsufa ko ya fi rauni, domin a irin wannan gida "mako mai zuwa" alkawari ne da ba kowa yake riska ba. Ya tabbatar gidan yana da lasisin nuna fim ga taro. Ya kunna rubutun ƙasan allo na harshen ƙasar ko da kowa ɗan ƙasa ne, saboda sautin tsofaffin finafinai yana da ƙura. Ya tsaya a tsakiya a sha gahawa, kada kuma ya hana kowa bin waƙa da ƙarfi. Fim mai waƙa da motsin jiki ya fi mai dogon zance tasiri a wurin masu ciwon mantuwa, shi ya sa Poppe da Persson ba sa ba ni kunya.

Finafinan Alfredson da Danielsson na dawo da su daga baya, suka kuma karɓu sosai, musamman Att angöra en brygga na 1965, inda wasu suke tsibiri da abinci, wasu suke cikin kwalekwale da abin sha, aka kasa haɗuwa. Sun karɓu ne saboda an riga an san Monica Zetterlund da Gösta Ekman da ke ciki. Shi wannan Gösta ɗin, wanda ya rayu daga 1939 zuwa 2017, ɗan Hasse Ekman ne, jikan Gösta Ekman na farko da ya rasu a 1938, don haka yanzu nake shirya zangon kallo na gaba a kan zuriyar gaba ɗaya, daga kaka zuwa jika, a ƙare da Varning för Jönssonligan na 1981 inda yake shugaban ɓarayin da dabararsu ba ta cika. Masu ƙarancin shekaru a gidan sun riga sun matsa sai an sa musu Sällskapsresan na Lasse Åberg na 1980, na kuma sa shi a makon farko. Mai shawarar ya sake aiko da sabon jeri a bana, har yanzu babu Persson a ciki, na rubuta wa shugabar gidan dalilina na ƙin amfani da shi, ta sa hannu.